Tsohon da Isufu Ya Ɗauko Daga Malbaza

Gonar da ake rigima a kanta tana gabas da Zangon Kalgo, wani ƙauye a ƙasar Bazaga. Rabinta tudu ne, yashi zalla, ba ya ba da komai sai gero da wake, su ma in ruwan shekara ya yi kirki. Ɗaya rabin kwari ne inda ruwa ke kwanciya bayan damina, kuma kwarin nan shi ke riƙe da gidan Isufu. Can yake shuka dawa, can matarsa Wasila take noman kuɓewa da yakuwa, in rani ya shigo a haƙa 'yar rijiya a dasa albasa a kai kasuwar Konni. Kakansa Mamane ya nome ta, ubansa ya nome ta, shi ma bai san wata gona ba tun da hannunsa ya iya riƙe hauya.

Gero ya fitar da kai ana jiran ya nuna, sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin gonar. Mahfuz ne, ɗan Alhaji Habibullahi na Birnin Konni, mai manyan motocin da ke jigilar kaya tsakanin Konni da Sakkwato. Ya yi gaisuwa yadda ya kamata, ba za a ce ya yi rashin kunya ba. Da ya gama sai ya ce gonar ta kakansa Abdulhamid ce, aro ya bai wa Mamane lokacin da ya bar ƙauye ya koma birni fatauci. Yanzu suna so su sa injin ban ruwa a kwarin, don haka in an yi girbi a sakar musu abinsu.

A gidan Isufu ba haka aka san maganar ba. Mamane mai haƙar rijiya ne. Da Abdulhamid ya gina gida a Konni, Mamane ya haƙa masa rijiya, ya ci karo da dutse, ya yi rani guda yana fasa shi da hannu har ya kai ga ruwa. Ladan wannan aikin ne Abdulhamid ya dawo ƙauye ya tara mutane ya ce ya ba Mamane gonar kyauta, shi da zuriyarsa. Haka uban Isufu ya faɗa masa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Aka kai magana gaban mai gari Halilu. Shi Halilu bai girmi Isufu da wani abin kirki ba, tare suka yi kiwon awaki. Rawani ya hau kansa da wuri ne don ubansa bai daɗe ba, wansa ma bai daɗe ba. Ya saurari kowa, sannan ya ja Isufu gefe.

"Isufu, ni ban gani ba, kai ba ka gani ba. Abin da ubanka yag gaya maka ji na, ba gani ba na. Su ko suna da Alhaji da kainai, shina wurin ranar, suna da abokinai Alhaji Sadiƙu, shi ma shina wurin. Ka samo mani mutum guda, namiji ko mace, wanda yag gani da idonai. In ka kawo shi, magana ta zama ta sulhu, in raba ku. In ba ka kawo ba, ba ni da ta cewa."

Aka sa zama Alhamis ta sama.

Wanda bai san ƙauye ba zai ce abu ne mai sauƙi, gari guda ai ba a rasa tsoho. To Isufu ya fita nema. Ubansa yana wurin ranar, saurayi ne a lokacin, amma tari ya ɗauke shi gemunsa bai gama fari ba. Ƙanin ubansa maciji ya sare shi a tsakiyar damina, hanya ta yanke, amalanken jaki ya maƙale a laka, kafin a kai kwalta ya cika. Akwai goggonsa wadda ita ce ta share wurin da aka zauna ranar, ita kuma haihuwa ta zo mata da gardama, ungozoma ta yi iya yinta. Maƙwabcinsu da ake cewa shi ya raba goro, ƙaba ce ta murɗe masa wata ranar kasuwa. An daɗe ana ce masa ya je a yi masa aiki, kullum sai ya ce bari a yi girbi. Isufu ya shiga gida ya fita gida, ana shimfiɗa masa tabarma ana ba shi ruwa, ko'ina amsar ɗaya ce, wane da ya san zancen ya riga mu gidan gaskiya. Akwai wata tsohuwa guda a bayan masallaci, amma daga Illela aka auro ta bayan an yi abin da daɗewa.

Ya dawo gida ya zauna a gindin rumbu. Wasila tana tankaɗe, ta dube shi ta gefen ido.

"Baban Rashida, tun da sahe kana zagaya gari. Ka samo tsohon?"

"Wane tsoho? Ni na tsohon. Shekaranjiya da liman bai zo ba ni anka tura gaba."

"Tsoho da ɗiya tana shan nono! Allah shi kyauta." Ta buga rariya a tafin hannu. Can ta ce, "Baba Chindo hwa? Wanda yaz zo gaisuwar rasuwar Inna daga Malbaza. Kai duk hurhura, shina kiran Baba da abokina. Wancan ai ko Alhajin bai kai shi shekaru ba."

Isufu ya tuna shi. Chindo ɗan garin ne, ɗan Gimbiya mai fura, ya bar ƙauye tun Isufu bai san kansa ba. Ranar gaisuwar nan ya zauna yana ba da labarin mutanen da, yana kiran sunan uban Isufu gatsau ba sakayawa, yadda sa'a ke kiran sa'ansa. In yana raye, to ga shaida.

Washegari ya hau kabu-kabu zuwa kwalta, daga nan ya shiga motar Malbaza. Manyan motocin siminti suna wuce su ɗaya bayan ɗaya. Chindo ba a cikin gari yake ba. Can bayan gari ne, kusa da ramukan da mutane ke tonon wani farin dutse suna tarawa tsibi-tsibi, masu mota su zo su saya. Aikin da Chindo ya yi ke nan tun yana saurayi, shiga rami da diga, fitowa fari fat kamar an tsoma shi a gari, har ranar da ƙirji ya ce ya isa.

Da Isufu ya tambayi gidan Chindo, wani mai shayi ya gyara masa zance.

"Baba Tsoho kaka nuhi. Duk unguwar ga babu wanda yak kai shi. Shi ka ɗaura aure, shi ka raba gado."

Isufu ya sami Chindo a zaure kan buzu, ya jingina da bango. Baya ya ranƙwafa, baki ba haƙori ko ɗaya, idanu sun yi fari-fari, kowane numfashi sai an ji ƙararsa. Isufu ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Wani daɗi ya kama shi a zuci, irin wanda bai kamata mutum ya ji ba in ya ga ɗan'uwansa a wannan hali. Ya ce a ransa wannan ai ko Alhaji ya gan shi sai ya rusuna.

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Chindo ya ɗaga kai.

"Gonar Mamane? Kyauta ta! Ina wurin. Ƙarƙashin gawon bakin gonar anka zauna. Abdulhamid shina da riga shuɗiya, yaɗ ɗebi ƙasa da hannu yaz zuba ma Mamane a tahin hannu, yac ce na ba ka. Anka sha hura, anka yi hwatiha. Wa yac ce aro na?"

Isufu ya ji kamar an sauke masa dami daga ka. Rigar shuɗiya da ƙasar tafin hannu, haka ubansa ma yake faɗa.

Shatu, 'yar Chindo da ke kula da shi, tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce ba inda za shi.

"Mutumin da in ya tahi bayan gida sai ya huta a hanya, shi za ka ɗora ma mota? Na kai shi likita bara, anka rubuta magani, rabi munka iya saye. In ya hwaɗi a hanya kai za ka ɗauko mani shi?"

"Ke Shatu, rufa mani baki," in ji Chindo. "Ana neman tsoho a garinmu an rasa, an biyo ni har gida, ki ce in zauna? Ɗauko mani rigar sallah."

Ta ɗauko, tana ƙunƙuni. Ta haɗa da ɗan galan na ruwa da ƙullin kanwa, ta ce wa Isufu kada a ba shi tuwo, kunu kaɗai yake iya sha.

Tafiyar ta yi wuya. Direba ya tsaya sau da yawa don tari ya sarƙe tsohon, fasinjoji suna tsaki, wata mata tana yi musu faɗa tana cewa ba ku da iyaye ne. Daga kwalta Isufu ya ɗauki hayar amalanke ya shimfiɗa masa tabarma ya riƙe masa kai. Da suka shigo Zangon Kalgo mutane suka fito kallo. Wasila ta dama kunun gero mai tsami, Chindo ya sha rabin ƙwarya, ya ce tun da ya bar garin bai sha irinsa ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai gari. An zaunar da Chindo a kan tabarma an sa masa matashi a baya. Motar Konni ta iso. Mahfuz ya fito, sai Maman Sani, ɗan Alhaji Sadiƙu, wanda ya rako ubansa. Alhazan biyu suka fito da ƙafafunsu, ba wanda ya kama su. Alhaji Habibullahi dogo ne, a miƙe yake kamar tabarya, da tabarau da farar shadda, ko sanda ba ya riƙewa. An san duk bayan 'yan watanni ana kai shi Yamai a auna jininsa, an wanke masa idanu duka biyu, haƙoran bakinsa ma rabi na likita ne. Mahfuz ya buɗe bayan mota ya fito da kujeru biyu.

Alhaji ya gaisa da mai gari. Da idonsa ya faɗa kan Chindo sai ya cire takalmi, ya rusuna.

"Baba, ina gajiya? An zo lahiya? Mahfuz, kawo ma Baba kujera. Ba ni zama sama shina ƙasa."

Aka ɗaga Chindo aka ɗora a kujerar Alhaji, Alhaji ya zauna kan tabarma tare da jama'a. Isufu ya dubi mai gari, mai gari ya kawar da kai don kada a ga fuskarsa.

Alhazai suka faɗi nasu. Sun ce suna wurin, a gindin gawo aka zauna, Abdulhamid ya ce wa Mamane ya riƙe gonar ya ci, har ranar da shi ko 'ya'yansa za su buƙace ta. Rijiyar kuwa an biya ladanta daban, da bijimi. Isufu ya ƙura wa Alhaji ido yana neman alamar ƙarya, bai ga komai ba. Mutum ne yana faɗin abin da yake ganin ya sani.

Sai aka ba Chindo magana. Ya yi ta a hankali, yana tsayawa yana neman numfashi. Ya faɗi gawon, ya faɗi rigar shuɗiya, ya nuna da hannunsa yadda aka zuba ƙasa. Jama'ar ƙauye suka yi ta gyaɗa kai. Alhaji Sadiƙu ya ce lalle an yi riga shuɗiya, wannan ya tuna.

Alhaji Habibullahi ya ƙura wa tsohon ido. Can ya ce, cikin ladabi, "Baba, ka gahwarce ni, tsuhwa ta sa ban gane ka ba. Manyan da ka wurin ranar duk na san su. Ɗan wane gida kake?"

"Chindo na, ɗan Gimbiya mai hura."

Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Gimbiya ta bayan rijiyar gari? Miƙo hannunka na hagu in gani."

Chindo ya miƙa. A gefen ƙaramin yatsa akwai ɗan tabo, inda aka cire yatsa na shida da aka haife shi da shi.

"La ilaha illallahu," in ji Alhaji. "Ni anka aika in kira wanzamin da yac cire wanga yatsa. Bisa jakin babana nit tahi. Shekarar ina ango, ni nir riƙe ragon sunanka anka yanka." Ya juya wajen abokinsa. "Sadiƙu, ɗan Gimbiya na. Jinjirin da ta ka goyo tana kawo muna hura."

 Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Ƙarya kake," in ji Chindo. "Dube ni, dube ka. Ni za ka ce ka riƙe ma rago?"

"Ban ce ba ka wurin ba. Kana wurin. Gimbiya tak kawo hurar da anka sha, kana bayanta a goye. Ko yaye ka ba a yi ba."

Mai gari ya ɗaga hannu. A ƙauye ba a tambayar mutum shekarunsa, don ba wanda ya riƙe. Akwai tambayar da ake yi.

"Baba Chindo, da wa da wa anka yi muku kaciya?"

Chindo ya fara kiran sunaye. Kowane ya kira sai wani a cikin jama'a ya ce Allah ya jiƙansa. A na ƙarshe ya ce, "Da Nomau, ɗan mai gari na lokacin. Shi yaf fi kowa kuka."

Halilu ya sunkuyar da kai.

"Nomau wana na. Mutum biyu ka tsakanina da shi."

Daga nan kowa ya iya lissafin da kansa. Mutumin da aka ɗauko daga Malbaza, wanda unguwa guda ke kira Baba Tsoho, bai cika sittin ba. Alhajin da ya rusuna ya gaishe shi ya ba shi kujera ya haife shi da ɗan rara. Abin da Chindo ya ce ya gani, uwarsa ce ta yi ta faɗa masa tun yana ƙarami, tana dama fura tana ba da labari, har ya zauna masa a ka kamar da idonsa ya gani. Bai yi ƙarya ba, kuma ba wanda ya ce ya yi.

Chindo ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya dubi Alhaji tun daga hula har ƙafa.

"Ashe ni ba tsuhwa niy yi ba. Ƙarewa niy yi." Ya yunƙura. "Ku sauke ni. Kujerar manya ta."

"Zauna abinka," in ji Alhaji.

"A'a, Baba. Ku sauke ni."

Isufu ya kama shi ya mayar da shi kan tabarma. Kujerar ta zauna ba kowa, Alhaji bai koma kanta ba.

Mai gari ya yanke magana, don ba abin da ya rage. Shaidu biyu sun gani da ido sun ce aro ne, ɗaya gefen ba wanda ya gani. Isufu zai girbe abin da ya shuka bana, in an gama kaka gona ta koma gidan Abdulhamid. Ko kyauta ce ko aro ce, Allah kaɗai ya sani. Waɗanda za su iya tashi su ce wa Alhaji ba haka aka yi ba suna maƙabartar yamma da gari, kuma da yawansu ƙannensa ne a haihuwa.

Isufu ya dubi gabas, wajen gonar. Yana tunanin dawa, yana tunanin albasa, yana tunanin bakunan da ke gidansa.

Alhaji ya gyara murya.

"Mai gari, kwarin muka bukata, don can ruwa yake. Tudun na bar ma Isufu. Ba aro ba, kyauta, shi da ɗiyanai. Kakanai ya sha wahalar dutsen gidanmu, har yau ruwan rijiyar muka sha."

Mahfuz ya matso ya yi masa raɗa, ana jin yana cewa wurin ajiye kayan injin fa. Alhaji ya ce masa, "Kai, ina magana kana magana?" Mahfuz ya koma ya tsaya jikin mota.

Jama'a suka yi ta sa albarka. Mai gari ya ce to madalla, ga liman, ga shi kansa, ga jama'a, kowa ya shaida, in an samu lokaci kuma a je buro, ofishin hukuma, a yi takarda. Liman ya ɗaga hannu zai yi fatiha.

"A dakata," in ji Isufu.

Aka juyo ana kallonsa. Wasu suka ɗauka zai ƙi karɓa ne, wani ya ja masa riga ta baya.

"Na gode, Alhaji, Allah shi saka. Takarda a yi ta, amma ɗakina na kara na, gara ba ta bar mani ko tabarma ba. Shaidu kuma, mai gari, ka gahwarce ni, liman ka gahwarce ni. Kakana ma gari guda ya shaida mai. Ni cikin mutanen Konni nika son shaida."

"Mu ba mutane ba na?" in ji wani daga cikin jama'a.

"Mutane na. Da ni da ku ruwa guda muka sha, hanya guda ka yanke muna da damina." Ya nuna Maman Sani, ɗan Alhaji Sadiƙu, wanda tun da aka fara zaman yake gefe yana latsa waya. "Wancan nika so."

Maman Sani ya ɗago kai a firgice.

"Ni? Malam, ni rakiya niz zo. Ban san gonar ba, ban san gabas da yammanta ba."

"Shi ya sa za mu tahi ka gani. Ba ka cikin gidan Abdulhamid, ba ka cikin nawa. Kuma ga ubanka nan garau, kakanka ma an ce sai da yag ga jikokin jikoki."

Alhaji Sadiƙu ya yi dariya har tabaransa ya zame.

"Tashi ka bi shi, Maman Sani. Ya hi ka gaskiya."

Aka ɗunguma zuwa gona, aka bar Chindo a inuwa, Wasila ta aiko masa da kunu. Rana ta take. Maman Sani yana tafe takalminsa mai tsada yana nutsewa a yashi, ƙarangiya tana kama masa wando. Mai gari ya bi tsakanin tudu da kwari yana nuna iyaka, daga wata aduwa mai reshe biyu zuwa wani jan suri, daga surin zuwa hanyar shanu. A kowane wuri Isufu sai ya tsayar da Maman Sani.

"Ka ga aduwar ga? Taɓa ta."

"Na gani, Malam."

"Taɓa ta dai. Mi Alhaji yac ce, aro ko kyauta?"

"Kyauta."

"Sake hwaɗi, mai gari shi ji."

"Kyauta, shi da ɗiyanai. Haba Malam, rana hwa!"

"Yi haƙuri da ranar. Ba ni za ka yi ma shaida ba, ni ba ni nan lokacin. Wata rana wasu za su zo gidanka Konni su ce su ɗiyan Isufu na, na Zangon Kalgo. Kak ka ce ba ka tuna ba."

Maman Sani ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskar Isufu, ya fasa. Ya mayar da wayar aljihu, ya koma da baya da kansa har gindin aduwar, ya tsaya ya sake duban surin da hanyar shanun. A nan liman ya yi fatiha.

Washegari Isufu ya mayar da Chindo Malbaza. A hanya Chindo ya roƙi Isufu kada ya faɗa wa mutanen unguwa abin da ya faru, don akwai ɗaurin aure ranar Asabar kuma shi ake jira. Isufu ya ce ba zai faɗa ba. Shatu ta tambaya ko shaidar ta yi amfani, ya ce mata an samu tudu.

Da kaka ta yi Isufu ya yanke dawarsa a kwari, Wasila ta tsince kuɓewarta har 'yan ƙanana ta shanya. Kafin sanyi ya shiga motar Mahfuz ta kawo bututu da waya aka kewaye kwarin. Ranin nan Isufu bai dasa albasa ba. Ya kwashe takin awaki ya kai tudu ya baza, sannan ya bar wa Wasila abin da ke rumbu, ya bi 'yan cin rani zuwa Sakkwato.